Mowa muguwa ce, ko tsoron yaro ne ya zana ta haka?

Malamin Samaru: Abin ya ishe ni. Duk ɗalibin da ya ɗauko tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa sai ya rubuta "mowa muguwa ce", shi ke nan an gama nazari. Alhali tun 1976 Bruno Bettelheim, mai nazarin halayyar yara, ya yi bayani: ƙaramin yaro ba ya iya haɗa uwar da ke lallashinsa da uwar da ke tsawata masa a jiki ɗaya, sai ya raba su biyu, ya jinginar da muguntar ga kishiya. Kafin ka yanke wa tauraro hukunci, duba abin da yake so, abin da yake tsoro, da shekarun yaron da ke sauraro.

Hajiyar Tudun Wada: Malam, kishiya ka ce? Ta labaran Turai matar uba ce, tana shigowa bayan uwa ta rasu. Mowa kuwa gida ɗaya suke da bora, suna raba kwana da girki. Yaro na ganin mata biyu da idonsa, me ya rage ya raba?

Ɗan Kongo: Hajiya ta yi gaskiya. A bugun 'yan'uwan Grimm, Jamusawa masu tattara tatsuniyoyi, na 1812, a labarin Snow White uwa mahaifiya ce ke neman halaka 'yarta saboda kyau, sai a 1819 suka mayar da ita matar uba. Gyaran alƙalami ne kawai.

Malamin Samaru: Ai wannan hujjata ce ka ɗauko! Me ya sa suka kasa barinta uwa?

Hajiyar Tudun Wada: Kar ka zame, Malam. Kishiya daga kishi take, rikicin manya ne kan miji. Idan uwa ta rasu, a bakin maraya matar uba ce.

Baban Ƙofar Doka: A cikin birnin Zariya "kishiyar uwa" muke cewa ko uwar na raye ko ta rasu. 'Yata, Hausar Tudun Wada ce ke ruɗa ki.

Hajiyar Tudun Wada: Baba, da girmanka, ganuwa ba ƙamus ba ce.

Malamar Zango: Kun bar jaki kuna dukan taiki. Piaget, masanin yadda tunanin yara ke girma, ya nuna yaro ɗan shekara 2 zuwa 7 yana ɗaukar abubuwa marasa rai a matsayin masu rai, shi ya sa cinyar da ke magana a tatsuniya ba ta ba shi mamaki. A wannan shekaru hukunci yake bi: wadda ta ƙare da kutare ita ce mai laifi. Kuskuren da ake yi shi ne laƙaba wa tauraro sunan cuta. Gizo ba shi da tarihin yarinta, ba za ka zaunar da shi a asibiti ba.

Ɗan Kongo: Kuma Bettelheim ɗin nan shi ne ya ɗora wa iyaye mata laifin cutar otizim, mai wahalar da yaro wajen cuɗanya da mutane, bincike ya ƙaryata shi. 'Yan adabi dai duk sunan Bature da kuka ji sai ku rungume.

Malamin Samaru: Piaget ɗan Kusfa ne ke nan? Ɗan Siwizalan ne, ku 'yan ilimin koyarwa kuke haddace shi kamar karatun allo.

Ɗan Kongo: Mu dai muna gwada maganarmu a aji.

Baban Ƙofar Doka: To, na taƙaita: an yarda "kishiyar uwa" ita ce Hausar asali kamar yadda na faɗa, Hajiya ta yi shiru. Batun Turawan nan kuwa ku ƙarasa shi a Samaru.

Hajiyar Tudun Wada: Caji ne ya ƙare, Baba. Ban yarda ba.