Taƙaitawa: abin da aka tattauna kan takin boron

Manoma sun yi ta muhawara kan yadda ake amfani da boron, wato sinadarin da tsiro ke buƙata ɗan kaɗan, ga abin da na tattaro.

1. Kowa ya yarda jigawa mai yashi ta fi fama da ƙarancinsa, domin ruwan sama na wanke shi. Alamar kan fara ne a sabon tofo: kan tsiro ya mutu, furen auduga ya zube, tumatir ya tsattsage, ƙwayar gyaɗa ta yi rami a tsakiya.

2. Borax, wato farar hodar da ake amfani da ita a matsayin takin boron, na ɗauke da boron kusan kashi 11 cikin ɗari. A ƙasa, kilo 10 a hekta ya wadatar. A cuɗa shi da yashi kafin a watsa, in ba haka ba wani wuri ya sha da yawa, wani ya rasa. Kada ya taɓa iri a ramin shuka, yana kashe tsiro.

3. Feshi: giram 1 zuwa 2 na borax a litar ruwa, wato giram 16 zuwa 32 a tankin goyo mai lita 16. A fara narkar da shi a ruwan ɗumi, ba ya narkewa sosai a na sanyi. A fesa da safe ko yamma, gab da fure.

4. Nan aka rabu. Masu gyaɗa sun fi son na ƙasa, masu lambu sun ce feshi sau biyu ya fi. A ganina kowa da gaskiyarsa.

Gargaɗin da aka fi nanatawa: tsakanin isa da yin yawa tazarar kaɗan ce. Ya yi yawa, gefen tsofaffin ganye zai ƙone, wake ma ba ya jurewa. A gwada ƙasa tukuna.