Ina so in kai Hajiya lambun Aburi, amma gwiwarta nake tunani

Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Mahaifiyata ta haura shekara 70, a unguwar Nima muke a Accra ta Ghana, kuma kun san gidajenmu, ko wurin shanya da ƙyar ake samu. Duk da haka ta yanke galan ɗin Kufuor, wato jarkokin roba na ɗiban ruwa, guda huɗu ta jera bakin taga, ta shuka na'ana'a da ɗoɗɗoya da zogale. Kullum bayan asuba sai ta murza ganye ɗaya a yatsa ta shinshina kafin ta sha koko. Ranar nan ta ce mini rabonta da zama a inuwar rimi tun tana budurwa. Maganar ta tsaya mini a rai. Ina so in kai ta lambun itatuwa na Aburi, amma tana fama da ciwon gwiwa, kuma an ce wurin kan dutse yake. Za ta iya? Wace hanya ta fi sauƙi, kuma wace rana?

Wani yaya daga Madina ta Accra:
Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yi miki albarka. Akwai trotro, wato ƙaramar bas ta haya, daga tashar Madina, ta Adenta da Ayi Mensah, sai a fara hawan dutse a wuce Peduase. Sai dai ga tsohuwa mai gwiwa, hawa da saukar trotro wahala ce. Ku ɗauki shatar tasi, ku gama ciniki zuwa da dawowa tun a gida. Mota ce za ta yi hawan, ba Hajiya ba.

Wata malamar makaranta daga Fadama:
'Yar'uwa, kai ta kawai. Na sha kai ɗalibai can. An buɗe lambun a 1890, kuma ya taka rawa wajen yaɗa noman koko a ƙasar nan. Da kun shiga, dogayen itatuwa masu kama da giginya za su tarbe ku, jere layi biyu, sai kin ɗaga kai sosai za ki ga samansu. Rimin da take kewa yana nan, ƙato, tun daga dajin asali aka bar shi, saiwoyinsa kamar katanga. Amma ni inda na fi so ki kai ta shi ne wajen kayan ƙamshi. Ku nemi ɗan jagora ya nuna mata itacen kirfa da na gyaɗar ƙamshi. Macen da ta shekara hamsin tana sayen kirfa a ƙulle a kasuwar Nima, ranar da ta ga ɓawon itace ne a tsaye da ganyensa, wallahi sai ta riƙe baki. Haka tawa uwar ta yi. Kada ku ce sai kun zagaye ko'ina, wurin ya kai eka 160. Wuri biyu ko uku ya ishe ta.

Wani baba daga Sabon Zango:
Ɗiyata, ki guji ranar hutu, musamman Litinin ɗin Ista da Kirsimeti, kiɗa da cunkoso ba za su bar ta ta ji daɗi ba. Talata ko Laraba da safe. Ki tafi da buta da darduma da kujerar roba, da mayafi mai kauri, don can sama ya fi Accra sanyi. In an kwana ana ruwa ku ɗaga tafiyar, ciyawa na santsi. Sannan ki ja mata kunne cikin ladabi, kada ta tsinki ganye ko ta cire dashe. In tana son abin shukawa, ku saya wurin masu fulawa na bakin titi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, kamar ka san ta, har ta ce in nemo mata leda ta zuba iri! Zan lallaɓa ta. Mun tsayar da Laraba in Allah ya kai mu, ƙanena ya samo mai tasi. Malama, da na karanta mata maganar kirfa sai ta ce in sake karantawa.