Raƙumi ne ko igiya a Markus 10:25?

Ɗan Kwaya:
Salama ƴan'uwa. Dan Allah masu ilimin Helenanci ku taimaka min. Ayan nan da Yesu ya ce zai fi wa raƙumi sauƙi ya bi ta kafar allura da mai arziki ya shiga Mulkin Allah, tun muna yara ake gaya mana wai akwai wata ƴar ƙofa a Urushalima sunanta Kafar Allura, sai an sauke wa raƙumi kaya ya durƙusa kafin ya wuce. Toh ran Lahadi wani baƙon mai wa'azi ya zo ya ce ba ma raƙumi bane, igiya ce, wai masu fassara ne suka kwafsa. Ni zan jagoranci nazarin matasa wannan satin kuma kaina ya ɗaure, wanne zan koya musu?

Mai Alli:
Ƙanena raƙumi ne, raƙumin da ka sani mai tozo. Amma baƙon naku ba daga iska ya ɗauko maganar ba. A Helenanci raƙumi kamelos ne, igiya mai kauri irin ta jirgin ruwa kuma kamilos, harafi ɗaya ne ya raba su, kuma da tafiya ta yi tafiya Helenawa suka koma furta haruffan biyu iri ɗaya, so in wani na karantawa wani na rubutawa ba abin mamaki bane a samu canji. Akwai ƴan kofe na baya baya da suka rubuta kamilos, kuma Siril na Iskandariya, wani babban malamin coci, tun ƙarni na 5 ya ce igiyar jirgi ake nufi. Sai dai tsoffin kofe irin su Sinaiticus da Vaticanus na ƙarni na 4 raƙumi suka ce, a Matiyu 19:24 da Markus 10:25 da Luka 18:25 duka. Kuma ƙa'idar masu binciken nassi ita ce mai kwafa ya fi sauƙaƙa magana mai wuya, ba ya ɗauko mai sauƙi ya maida ta mai wuya. Igiya da allura sun dace da juna, shiyasa hankali ke saurin karɓa, kuma shiyasa ni na fi zarginta.

Maman Tagwaye:
Malam na yarda ba igiya bace amma ƙofar fa? Marigayi babana mai bishara ne, da wannan misalin ya yi ta wa'azi a ƙauyuka kuma mutane sun tuba. Sauke kaya, durƙusawa, ai darasin yana da kyau, meye laifinsa?

Mai Alli:
Mama, Allah ya ba Baba ladan aikinsa, darasin tawali'u gaskiya ne, akwai ayoyi da yawa da za a kafa shi a kai. Ba dai wannan ayar ba. Babu wani rubutu na zamanin Yesu da ya ambaci ƙofa mai wannan sunan, masu haƙa ƙasa ma basu gano ta ba, ɗaruruwan shekaru bayan haka labarin ya ɓullo a littattafan sharhi na Turai. Ki duba wani abu kuma, Matiyu da Markus sun ce rafis wa allura, Luka ya ce belone. Da sunan wuri ne da ba su canza ba, ba wanda zai rubuta Ƙofar Doka yau gobe ya kira ta da wani suna don ma'ana ɗaya ce.

Abin da ya fi ƙarfi a wurina shine amsar almajiran. Sun yi mamaki ƙwarai suka ce to wa zai tsira kenan? Da ƙofa ce da raƙumi ke wucewa kullum in ya durƙusa ai da sun ce ba komai, a sauke kaya kawai. Su a fahimtarsu dukiya alamar albarka ce, ki karanta Maimaitawar Shari'a 28, so in mai albarka ma bazai shiga ba ina talaka. Yesu kuma bai sassauta ba, cewa ya yi ga mutane ba mai yiwuwa bane amma ba ga Allah ba. Labarin ƙofar yana maida abin da baya yiwuwa ya zama mai wuya kawai, nan ne matsalar.

Kuma haka malaman Yahudawa ke magana dama. A littafinsu Talmud na Babila akwai giwa ta kafar allura, har suna zolayar malaman garin Pumbedita da cewa su ne masu tura giwa ta kafar allura saboda iya murɗa hujja. Can giwa ce babbar dabbar da ake misali da ita, a ƙasar Yahudiya raƙumi. Yesu ma ya sake amfani da shi a Matiyu 23:24, masu tace ƙwaro suna haɗiye raƙumi, toh nan ma igiya suka haɗiye?

Maƙwabcinku:
Ku yi haƙuri na shigo, ni Musulmi ne amma maganar ta ja ni. A Suratul A'araf aya ta 40 akwai irin wannan lafazin, sai raƙumi ya shiga kafar allura, kuma abin mamaki mu ma malaman tafsiri sun kawo wata ƙira'a da aka jingina wa Ibn Abbas, jummal wato igiya mai kauri, maimakon jamal wato raƙumi. Baƙaƙen iri ɗaya ne, wasali ne ya bambanta. Ƙira'ar da muke karantawa dai jamal ce.

Tsohon Ɗan Seminari:
Sannu da zuwa maƙwabci, ai gida ne. Wannan batun wasali shine ciwon kan duk mai koyon Ibrananci, tun asali baƙaƙe zalla ake rubutawa, Masoretawa, malaman Yahudawa masu kwafar nassi, su ne suka zo suka sa ɗige ɗigen wasali ƙarnuka bayan Almasihu. Raƙumi a Ibrananci gamal ne, a Aramiyanci gamla, kuma George Lamsa da ya fassara Linjila daga Peshitta, wato Littafi Mai Tsarki na Aramiyanci, a 1933 igiya ya rubuta don a ganinsa gamla na nufin igiya ma, ina zaton ta hanyarsa maganar ta iso bakin masu wa'azi da yawa. Ɗan Kwaya ka fara karatun daga aya 17 ka kai 27 kar ka yanko 25 ita kaɗai, kuma ka shirya don tabbas wani yaro zai tambaye ka su Ibrahim da Ayuba fa da suke da raƙuma garke garke.