Wace mota ce wannan na gani a Jidda?

Direban Jekadafari:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana mota ce, musamman dattawa. Shekara 19 ina jan mota tsakanin Gombe da Bauchi, har na fara ganin babu motar da za ta gifta ni a hanyar Alkaleri ban faɗi sunanta tun daga nesa ba. To, watan jiya Allah Ya nufe ni da Umara, kuma a Jidda aka ƙure ni.

Ranar da za mu dawo muka shiga Balad, tsohon garin Jidda, sayen tsaraba. A ƙofar wani shagon turare na ga wata baƙar mota a ajiye, tsohuwa ce amma sai sheƙi take yi. Tsawonta ne ya fara tsayar da ni. Na faki ido na auna, taku bakwai cif daga bamba zuwa bamba. Ga faɗi, ga ta ƙasa-ƙasa, gefenta a miƙe sumul kamar an ja layi da rula, ba wani tarkacen ado. Fitilun gaba huɗu ne zagayayyu, biyu-biyu. A kan bonet akwai ɗan tauraro mai tsini huɗu a cikin firam.

Ƙofofin ne suka ɗaure min kai. Mai motar, wani dattijon Balarabe, ya fito da jikokinsa ya buɗe musu baya, sai na ga ƙofar ta buɗe a baibai. Mariƙin ƙofar gaba da na baya a tsakiya suka haɗu, in an buɗe su tare sai ka ce an wangale kabad mai marfi biyu.

Wayata ba caji, Larabcina kuma bai wuce na tambayar kuɗin kaya ba. Maƙwabcina da muka je tare ya kafe wai Cadillac ce. Shi a wurinsa duk ƙatuwar motar Amurka Cadillac ce, kamar yadda duk garin sabulu Omo ne. Muna wannan musu har muka sauka Kano. Don Allah a raba mana gardama.

Ɗan Pantami:

Kawu, Allah Ya sa karɓaɓɓiya ce. Anya ba Rolls-Royce ba ce? Phantom ma haka ƙofar bayanta take buɗewa, kuma Larabawa suna da su.

Baba Bakanike, Wunti:

Ɗana, Rolls-Royce doguwa ce a tsaye, kuma mutum-mutumin mace ne a hancinta, ba tauraro ba.

Alhaji, barka da sauka. Ka gaya wa maƙwabcinka ya yi haƙuri. Alamar Cadillac garkuwa ce mai launuka. Tauraro mai tsini huɗu na Lincoln ne, ɓangaren motocin alfarma na kamfanin Ford. Abin da ka gani Lincoln Continental ce, ƙirar da aka yi daga 1961 zuwa 1969. Wannan gefen da ka ce kamar an ja da rula, da gangan aka yi shi. A ƙarshen shekarun 1950 motocin Amurka sun cika da fukafukai a baya, Cadillac ta 1959 ta fi kowa, nata kamar za ta tashi sama. Sai Lincoln ta zo da jiki fes ba ƙyale-ƙyale, mutane suka ce ashe haka ma ana yi.

Takunka bai yi ƙarya ba. Ta 1961 tana da kusan mita 5.4, daga 1966 aka ƙara ta ta kai mita 5.6. Wato ta ɗara Sharon ɗin da kuke lodi da ita da kusan mita guda. Nauyinta ya haura tan biyu. Injin silinda takwas ne, lita 7.0 a na farko, lita 7.6 daga 1966. Ka tuna Peugeot 504 da muka girma da ita lita biyu ce, ka ga kusan injinta huɗu ke nan a ciki ɗaya. Ni da na yi ƙuruciyata a kan manyan motocin Steyr nan Bauchi, ko ni sai na jinjina wa mai ba ta fetur. Giyarta otomatik ce, sandar a jikin sitiyari take, wurin da ta 404 take.

In kana son shekara, bayanta za ka tuno mini. Daga 1961 zuwa 1965 jajayen fitilun a tsaye suke a ƙarshen fenda. A 1966 da 1967 an kwantar da su a cikin bamba. A 1968 aka mayar da su gefe, aka kuma cire tauraron kan bonet. Tunda ka ga tauraro a tsaye, ba ta wuce 1967 ba, sai dai in mai ita ne ya ɗora.

Malamar Tarihi, Yelwa:

Baba ya gama magana. Ni ban san inji ba, amma na san motar ta aji. A cikin irinta aka harbe shugaban Amurka John Kennedy a Dallas ranar 22 ga Nuwamba 1963. Tasa ta 1961 ce mai buɗaɗɗen sama, an ƙara mata tsawo. Abin da yake ba ɗalibaina mamaki shi ne ba a jefar da ita ba. An yi mata rufi da sulke, shugabanni suka ci gaba da hawa har 1977, yanzu tana gidan tarihi na Henry Ford a jihar Michigan. Kullum na zo nan sai wani ya ɗaga hannu ya tambayi Marsandin Murtala da ke gidan tarihi na Legas, darasin ya koma can.

Mai Fenti na Bolari:

Baba, a gafarce ni, ba ina ja da ku ba ne. Amma Ford Thunderbird mai ƙofa huɗu, daga 1967 zuwa 1971, ita ma ƙofar bayanta a baibai take buɗewa. Kada a yi saurin yanke hukunci.

Baba Bakanike, Wunti:

Ka kyauta da ka kawo ta, haka ne. Sai dai Thunderbird ta 1967 zuwa 1969 tana ɓoye fitilunta na gaba a bayan marfi in ba a kunna ba, kuma kowace shekara ce alamarta tsuntsu ne mai buɗaɗɗun fukafukai. Alhaji ya ce ya ga fitilu huɗu da rana tsaka, mota a kashe, ya ga tauraro. Da ya samu leƙa farantin lambar da ke gefen ƙofar direba, da magana ta ƙare. Lambar farko ita ce shekara, 6 na nufin 1966. Harafin Y da ke biye na masana'antar Wixom ne, inda aka haɗa su. Sannan 82 mai rufin ƙarfe, 86 mai rufin yadi.

Direban Jekadafari:

Allah Ya saka da alheri, Baba, Ya ƙara girma. Na rufe ido na tuno sanda ta ja ta shiga titi. Da ya taka birki, jan ya fito ne ƙasa-ƙasa a cikin bamba, a kwance, har na ce a raina wannan in a tashar Dukku ce kwana biyu ba za ta yi ba ɗan Keke ya fasa su. Rufin kuma na ƙarfe ne. Ke nan 1966 ko 1967.

Na karanta wa maƙwabcin nawa duka bayan Magariba a bakin masallaci. Ya saurara tsaf, ya gyaɗa kai, ya ce to shi Lincoln ɗin ai wani nau'in Cadillac ne. Baba, ranar Asabar ina da lodin Bauchi, zan ɗauko shi a gidan gaba in kawo maka shi Wunti.