Neman shawara: maganin hawan jini ya kumbura min ƙafa, na daina sha

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, ko barcin kirki ba na samu. Shekarata 43, 'ya'yana huɗu. Mahaifiyarmu hawan jini ne ya kayar da ita, ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ni na yi jinyarta har Allah Ya karɓi abinsa, ni ke juya ta, ni ke ɗaga ta in yi mata wanka, yayyena maza kowa na harkar gabansa, sai dai su leƙo su gaishe ta su tafi. Ban riƙe su a rai ba, amma tun lokacin gwiwata da ƙuguna ba su sake komawa daidai ba, da magani nake tafiya.

A watannin baya ciwon kai ya matsa min ta wajen ƙeya, na je asibiti, aka auna aka samu 158/96. Likitan bai ba ni komai ba, ya ce in dawo a sake aunawa. Raina ya ɓaci, mutum ya zo da ciwo a ce ya je ya dawo. Da na koma wani likitan na tarar, aka samu 162/100, ya rubuta min amlodifin 5mg, ƙwaya ɗaya kullum. Ban daɗe ina sha ba idon sawuna ya fara kumbura, da yamma takalmi ba ya shiga. Haka ƙafar Mama ta yi daf da rasuwarta. Na ajiye shi. Kumburin ya ragu, ciwon kan kuma ya dawo. Shin maganin ne ya taɓa min ƙoda? In koma sha ko in nemi wani? Kuma cikin likitocin nan waye mai gaskiya?

Baban Mubarak:
Wa alaikumus salam. Hajiya kin yi daidai da kika ajiye shi. Harkar nan na san ta ciki da bai. Maganin hawan jini in kika fara jiki ya saba, ba ke ba dainawa har abada. Naki damuwa ce kawai. Ni an taɓa auna ni 170, ga ni ina yawona lafiya lau. Ki rage gishiri, ki cire tunani a ranki, shi ke nan.

Anti Rabi:
Allah Ya jiƙan Mama Ya gafarta mata. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Likitocin nan biyu ba su saɓa wa juna ba, ƙanwata. Ba a yanke cewa mutum na da hawan jini sai an samu 140/90 ko sama a ranaku daban-daban, aƙalla biyu, domin tsoro ko ciwo ko saurin tafiya kan ɗaga awo. Na farkon awo na biyu yake jira, na biyun ya gan shi ya rubuta magani.

Kumburin idon sawu sananne ne ga amlodifin, kuma ya fi samun mata. Maganin yana buɗe ƙananan jijiyoyin jini, sai ruwa ya riƙa tsatsowa yana taruwa a ƙasa, shi ya sa ya fi yawa da yamma. Wannan ba alamar ya ci ƙoda ba ce. Abin da ke cin ƙoda a hankali shi ne hawan jinin da aka bari ba magani. Amma zuciya da ƙoda da hanta duk suna sa kumburi, don haka sai an yi gwajin jini na aikin ƙoda da gwajin fitsari kafin a ɗora laifin a kan maganin shi kaɗai. An yi miki su? Wane magani kike sha na gwiwar? Kina shan ƙwayar tsarin iyali? Akwai yiwuwar ciki?

Ummu Walid:
Ai matsalar ke nan, wa zai tsaya ya yi miki wannan bayanin? Ni wanda na gani ko ɗago kai bai yi ba, ina magana yana rubutu. Na ce masa jiri nake ji, ya ce in sha ruwa. Ashe ƙarancin jini ne ya kama ni sosai, sai da na faɗi a banɗaki aka gane. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Maigidana kuma cewa ya yi raki ne ya yi min yawa.

Yaya Auwal:
Ki sa a duba miki suga ma. Ƙanin babanmu hawan jini aka riƙa bi, ashe da suga a tare. Da safe ake yi kafin a ci komai, in ya kai 126 sai a maimaita a tabbatar.

Maman Ilham:
Na gode duka. Anti, an ba ni takardar gwaji amma ban yi ba, saboda tsakani da Allah ba zan iya jure jin sakamakon ba a halin da nake ciki. Na gwiwa diklofenak ne, safe da dare, na daɗe a kai kuma bai taɓa yi min komai ba. Ni fa ba da gangan na daina ba. Wanda bai ga ƙafar Mama ba ba zai gane ba.

Baban Mubarak:
To kin gani. Diklofenak bai kumbura ta ba, wannan daga zuwansa ya kumbura ta. Magana ta ƙare. Ni shawarata ko asibitin kar ki koma yanzu, za su ƙara miki wani ne a kai.

Anti Rabi:
Malam, don girman Allah ka daina hana ta zuwa asibiti. Jiki ba sabawa yake yi ba. Maganin riƙe jinin yake a ƙasa, in an daina ya koma inda yake, domin dalilin hawan na nan. Kai ma 170 ɗin nan ka je a duba ka, yawancin masu hawan jini ba sa jin komai sai ranar da ya kayar da su. Maganarka ta gishiri gaskiya ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya har da wanda ke ɓoye cikin abinci, amma da wuya wannan kaɗai ya sauko da 162/100.

Maman Ilham, diklofenak ɗin ya fi tayar min da hankali a kan amlodifin. Shi da ibufurofen da danginsu suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin wasu magungunan hawan jini, kuma shan su kullum na tsawon lokaci yana illa ga ƙoda da ciki. Yana iya kasancewa da hannunsa a kumburin. Ciwon kan ma, yawan shan maganin ciwo kullum shi kansa yana haifar da ciwon kai. Ki tafi da kwalinsa wajen likita. Akwai mafita da yawa: a rage amlodifin, ko a haɗa shi da losatan ko lisinofiril, ko a canza zuwa mai sa fitsari. Amma losatan da lisinofiril ba a ba mai ciki, shi ya sa na tambaye ki, kuma sai an ga gwajin ƙodar nan tukuna.

In kina da na'urar awo a gida, ki zauna minti 5, bayanki a jingine, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ba magana. Sau biyu da safe, sau biyu da dare, na mako guda, ki rubuta. A gida daga 135/85 ake lissafa shi hawa. In ya kai 180/120, ko kika ji ciwon ƙirji, ko gani ya dushe, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Ummu Walid:
Anti da irinku ne a ɗakin duba marasa lafiya da ba mu sha wahala ba. Ni har yanzu ba a faɗa min abin da ya sa jinina ke ƙarewa ba.

Maman Ilham:
Na ari na'urar maƙwabciyata yanzu, 149/94. Kun ga ya fara sauka da kansa ba magani. Diklofenak kuma ba zan iya bari ba gaskiya, in ban sha ba ko tsugunno ba na iyawa, ga yara ga aikin gida. Farasitamol ba ya min komai. Zan rage gishirin in ga yadda hali zai yi, in bai sauka ba sai in koma.

Baban Mubarak:
Madalla. Na faɗa muku.

Anti Rabi:
149/94 har yanzu sama yake, kuma awo ɗaya ne. Na'urar ma in abin ɗaurawar bai dace da kaurin hannunki ba ba za ta ba da daidai ba. Ko ba ki koma kan amlodifin ba, ki je ki yi gwajin ƙodar cikin makon nan, ki kuma sa a duba gwiwar. Ba ki amsa min maganar ƙwayar tsarin iyali da ta ciki ba.

Hafsatu M.:
Assalamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a makare. Anti, lisinofiril ɗin da kika ambata shi babanmu ke sha, kuma tun da ya fara yake busasshen tari da dare, an ba shi maganin tari iri-iri bai daina ba. Ko da alaƙa?