Yadda Ake Gane Gahawar Jabana Mai Kyau

Hirarmu da 'yan uwa a Kasala, wani gari a Sudan, ta karkata kan gahawar jabana, wato wadda ake zubowa daga 'yar butar nan da ake kira jabana, ga abin da na tsinta. Dattawa sun ce a fara da hanci: ƙamshin suya ake nema, ba ƙauri ba. Baƙa ake so, amma wadda ta ƙone ɗaci ce zalla.

Kan cittar da ake sa wa gahawar aka fi jayayya. Matasa na son ta yi yaji sosai, dattawa suka ce ta biyo baya a maƙogwaro kawai, kada ta danne gahawar. Ni dai ina bayan dattawa.

Wata goggo ta ce a kurɓa ba sukari tukuna, sannan a leƙa gindin finjali: in da diddiga, zaren dabinon da ake cusawa a bakin jabanar don tacewa bai tace ba.