Jarin miji ya karye, sun rabu ba saki: me zai faru da gidan da suka gina tare?

'Yar Aboabo:
Salamu alaikum. Yayata da mijinta sun rabu shekara biyu, amma bai sake ta ba. Sun gina gida a unguwar Asawase da ke Kumasi, a Gana, ita ta sayi siminti da kwanon rufi da kuɗin kasuwancinta. Yanzu jarinsa ya karye, banki da 'yan kasuwa na bin sa, har ana maganar kotu. Bashin zai hau kanta? Za a iya yin gwanjon gidan?

Ɗan Zango Mai Karatun Doka:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Aure kaɗai ba ya ɗora wa mace bashin miji, a dokar Gana ko a shari'ar Musulunci. Abin da ke ɗaure ta sa hannu ne. In ta tsaya masa a banki, ko suka ci bashin da sunansu biyu, ko ta sa hannu a takardar jinginar gidan, za a bi ta, kuma barin gidansa bai goge wannan sa hannun ba. Ta zauna ta tuna duk takardar da ya taɓa kawo mata ta dangwala yatsa.

Karayar arzikin mutum ɗaya tana ƙarƙashin dokar 2006, mai lamba 708. In kotu ta ba da umarni, dukiyarsa na komawa hannun jami'in da ake kira Official Trustee, shi zai tattara ya biya masu bin bashi. Tasa, ba tata ba. Sai dai a nan ba a cika bin wannan hanya ba. Galibi mai bin bashi ƙara yake kaiwa, ya ci shari'a, ma'aikatan kotu su zo su manna takarda a bangon gida.

Hajiya Mai Dillancin Fili:
Ni tambayata ɗaya ce, ƙanwata: sunan wa ke kan indenca, wato takardar sayen filin, kuma wace shekara aka sayi filin?

In sunansu biyu ne, kason mijin kawai bashi zai ci. Amma gida ba tuwo ba ne da za a yanka a faranti, don haka ko ta nemi kuɗi ta sayi kasonsa, ko kotu ta yarda a sayar a ba ta nata. Kuɗin gwanjo kuwa ba ya kai na kasuwa, shi ya sa gara a zauna da masu bin bashi tun kafin ranar.

In sunansa ne shi kaɗai, Dokar Filaye ta 2020, mai lamba 1036, za ta taimake ta. Sashe na 38 ya ɗauki filin da aka saya cikin aure a matsayin na ma'auratan biyu, sai in an rubuta akasin haka. Sashe na 47 ya hana ɗayansu sayarwa ko jinginarwa ba da rubutaccen izinin ɗayan ba. Tunda igiyar aure na nan, wannan kariya na nan. Inda ake tuntuɓe shi ne jinginar da aka yi kafin ƙarshen 2020, da filin gado ko kyauta, don ba saye aka yi ba.

Gobe ta je Hukumar Filaye a yi binciken fulotin, za a ga ko akwai jingina a kai. In filin na da rajista, lauya ya shigar da takardar gargaɗi don kada a juya shi a bayanta. Da yawa a Kumasi 'yar takardar rabon fili ta sarki kawai suke riƙe da ita a leda ƙarƙashin katifa, alhali ita kaɗai ba shaidar mallaka ba ce.

Ɗan Zango Mai Karatun Doka:
Hajiya ta gama magana. Ƙari kaɗan: ranar da aka manna takardar kotu, kada a tsaya zagin ma'aikata a ƙofar gida. A rubuce za ta shigar da da'awar cewa tana da haƙƙi a gidan, kotu ta saurare ta kafin gwanjo. Ta haɗa rasit na siminti da rodi, saƙonnin MoMo (tura kuɗi ta waya), katin adashi, da magini da kafinta a matsayin shaidu. Sashe na 22 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce a raba dukiyar da aka tara tare bisa adalci in aure ya mutu, Kotun Ƙoli ma ta ƙarfafa haka a shari'ar Mensah da Mensah a 2012. Amma bankin da ke riƙe da ingantacciyar jingina shi ake fara biya.

Malam na Sabon Zango:
Kada wani ya ba su shawarar mijin ya mayar da gidan sunanta yanzu a ɓoye. Kotu na warware kyautar da aka yi don guje wa masu bin bashi, sai ta jawo zargi a kan kason da yake halalinta. A duba kuma ko an yi wa auren rajista, don dokar auren Musulmi mako ɗaya ta bayar bayan ɗaurin aure, kuma lauyan banki zai tambaya. In akwai abokiyar zama, ita ma tana iya fitowa da tata da'awar. In kuɗin lauya ya gagara, ta nemi ofishin Legal Aid na Kumasi, mai taimaka wa marasa hali a harkar shari'a, ta tafi da takardun asali da kwafinsu.